Har da Jarirai: Fastar da Ta Kai Kisan My Lai Kan Titi

Ranar 26 ga Disamba 1969 wasu masu zane a birnin New York suka fara rabon wata fasta kwafi 50,000. Kyauta suka raba ta, ba a karɓi ko sisin kowa ba. Faɗinta inci 38 ne, tsayinta inci 25, daidai yadda mutum zai riƙe da hannu biyu ta rufe masa ƙirji.

Hoton da ke jikinta mai launi ne, na kisan da sojojin Amurka suka yi a My Lai, a Biyetnam. Wata siririyar hanyar ƙasa ce ta ratsa tsakanin gonakin shinkafa, ciyayi kore shar dama da hagu, rana ta haske ko'ina. A tsakiyar hanyar gawarwaki ne jibge, mata da yara, wasu a kan wasu yadda harsashi ya kayar da su, ƙafafu ba takalmi. Idan ido ya daure ya ƙara duba tarin, sai ya faɗa kan ɗan ƙaramin jikin jariri, rabinsa tsirara. Daga saman hoton an rubuta da manyan jajayen haruffa: "Tambaya: Har da jarirai?" Daga ƙasa kuma: "Amsa: Har da jarirai." Ba taken siyasa, ba kiran a fito zanga-zanga, ba a zagi shugaban ƙasa ba.

Cikin dubban fastocin da aka buga don adawa da yaƙin Biyetnam, wannan tana cikin 'yan kaɗan da har yau ake koyar da labarinsu. A ganina dalilai biyu ne suka ba ta wannan ƙarfi. Waɗanda suka haɗa ta ba su ƙara ko kalma ɗaya tasu ba: hoton sojan Amurka ne ya ɗauka, maganar ma sojan Amurka ne ya faɗa. Sannan babbar cibiyar da ta yi alkawarin ɗaukar nauyinta ta zame jiki ana gab da bugawa, abin da ya sa aikin ya koma hannun leburorin maɗaba'a da ɗalibai da masu zane, su kuwa suka kai ta inda cibiyar ba za ta taɓa kai ta ba.

Safiyar 16 ga Maris 1968

My Lai unguwa ce a ƙauyen Son My, lardin Quang Ngai, a abin da ake kira Biyetnam ta Kudu a lokacin. Makonni kaɗan kafin nan, a ƙarshen Janairun 1968, mayaƙan Viet Cong, 'yan tawayen gurguzu na Kudu, da sojojin Biyetnam ta Arewa sun kai gagarumin farmakin nan na bikin Tet, wato sabuwar shekarar Biyetnam, wanda ya girgiza Amurka. Kamfanin Charlie, wani rukunin sojan Amurka na bataliya ta 1, rundunar sojan ƙasa ta 20, ya yi ta asarar mutane ta hanyar nakiyoyin da aka binne da harbin ɗauki-ɗai-ɗai, ba tare da sun ga abokin gaba ido da ido ba. Daren jajibirin ranar, kwamandansu Kyaftin Ernest Medina ya shaida musu cewa bataliya ta 48 ta Viet Cong tana ƙauyen, kuma fararen hula za su tafi kasuwa da sassafe.

Da jirage masu saukar ungulu suka sauke su, babu wanda ya harbe su. Tsofaffi suka tarar da mata da yara, wasu na hura wutar karin kumallo. Cikin kamar awa huɗu aka yi musu kisan kiyashi. An tara wasu a kan hanya aka buɗe musu wuta, aka tura wasu da yawa cikin magudanar ruwan ban-ruwa a gabashin unguwar aka harbe su a ciki, bisa umarnin Laftanar William Calley. An yi wa mata fyaɗe, an ƙona gidaje, an karkashe dabbobi. Binciken sojan Amurka ya ƙirga mutum 347. Gwamnatin Biyetnam ta ce 504 ne idan aka haɗa da unguwar My Khe da ke kusa, kuma sunayen 504 ɗin suna rubuce a gidan tunawa da aka gina a Son My.

Wani matuƙin jirgi mai saukar ungulu, Hugh Thompson, ya hango abin da ke faruwa daga sama. Ya sauke jirginsa tsakanin sojojin da wasu mutanen ƙauye da suka ɓuya a rami, ya nemi a kwashe su. Ɗaya daga cikin abokan aikinsa biyu, Glenn Andreotta, ya shiga cikin magudanar nan ya zaro yaro da ransa daga cikin gawarwaki. Thompson ya kai ƙara ga manyansa a ranar. Duk da haka rahoton da rundunar ta fitar cewa ya yi an kashe 'yan Viet Cong 128, an ƙwato bindigogi 3. Duk wanda ya karanta waɗannan alƙaluma biyu a jere ya isa ya yi tambaya. Maimakon tambaya, saƙon yabo ne ya zo daga Janar William Westmoreland, babban kwamandan sojojin Amurka a Biyetnam.

A cikin sojojin akwai mai ɗaukar hoto na rundunar, Saje Ronald Haeberle. Yana rataye da kyamarar soja mai fim baƙi da fari, wadda dole ya miƙa abin da ya ɗauka da ita, yana kuma ɗauke da tasa ta kansa mai fim mai launi. Da tasa ya ɗauki hoton hanyar nan. Da aka sallame shi daga soja ya koma gida jihar Ohio da hotunan a jakarsa.

Wata 20 ana rufa-rufa

Wanda ya fara fasa ƙwan wani tsohon soja ne, Ron Ridenhour, wanda bai je My Lai ranar ba amma ya ji labari daga bakin abokansa da suka je. A watan Maris 1969 ya rubuta wasiƙa ya aika wa 'yan majalisa da Ma'aikatar Tsaro da Fadar White House. Aka buɗe bincike a asirce, a watan Satumba aka tuhumi Calley ba tare da wani ƙwaƙƙwaran bayani ga jama'a ba. Ɗan jarida Seymour Hersh ya bi sawun maganar har ya gano Calley a barikin Fort Benning. Manyan mujallu suka ƙi karɓar labarin, sai wani ƙaramin kamfanin dillancin labarai, Dispatch News Service, ya rarraba shi ranar 12 ga Nuwamba 1969, jaridu fiye da 30 suka buga.

Ranar 20 ga Nuwamba jaridar Plain Dealer ta birnin Cleveland ta buga hotunan Haeberle, mujallar Life kuma ta fito da su da launinsu a bugun 5 ga Disamba. Tsakanin waɗannan ranaku biyu, ranar 24 ga Nuwamba, Mike Wallace na gidan talabijin na CBS ya yi hira da Paul Meadlo, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi harbi. Matashi ne daga wani ƙaramin gari a jihar Indiana, wanda nakiya ta cire masa ƙafa washegarin kisan. Wallace ya tambaye shi mutum nawa ya kashe, ya ce zai yiwu goma ko sha biyar. Ya ce masa maza da mata da yara? Ya ce maza da mata da yara. Sai tambayar nan da amsar nan suka biyo baya. Washegari jaridar New York Times ta buga hirar kalma da kalma.

Ke nan kafin watan Disamba ya yi nisa, hoton yana wata mujalla, maganar tana wata jarida, kowanne yana jiran a jefar da shi idan bugu na gaba ya fito.

Masu zane da masu gidan

Gamayyar Ma'aikatan Fasaha, wadda aka fi sani da AWC, ba don yaƙi aka kafa ta ba. Ta samo asali ne daga ranar 3 ga Janairu 1969, lokacin da Takis, wani mai sassaƙa ɗan ƙasar Girka, ya shiga MoMA, babban gidan adana fasahar zamani na New York, ya ɗauke aikinsa daga wani baje koli domin an saka shi ba da yardarsa ba. Daga nan masu zane da marubuta suka fara haɗuwa suna neman a riƙa jin ta bakinsu, a buɗe ƙofa kyauta ga jama'a, a ba baƙaƙen fata da 'yan Puerto Rico da mata wuri. Amma a Amurka ta 1969 ba a raba kowace magana da Biyetnam. Ranar 15 ga Oktoba miliyoyin mutane suka fito a faɗin ƙasar suna neman a tsayar da yaƙin, ranar 15 ga Nuwamba dubban ɗaruruwa suka cika Washington. Kwana uku bayan haka wasu masu fasaha huɗu, ciki har da Jon Hendricks da Jean Toche, suka shiga zauren MoMA suka yayyaga tufafin juna, jinin shanu da suka ɓoye a jikinsu ya malale a ƙasa, suka bar takardu suna neman iyalan Rockefeller su sauka daga kwamitin amintattun gidan saboda hannun jarinsu a kamfanonin da ke cin ribar yaƙi.

A cikin wannan zafi ne, a wani zama tsakanin gamayyar da ma'aikatan MoMA, aka kawo shawarar ɓangarorin biyu su haɗu su fitar da fasta kan My Lai. Ma'aikatan gidan suka amince, aka saka biyu daga cikin manyansu, Arthur Drexler da Elizabeth Shaw, cikin kwamitin. Ɓangaren gamayya kuwa mutum uku ne suka riƙe aikin: Irving Petlin da Jon Hendricks da Frazer Dougherty. Fatan da ake da shi shi ne sunan MoMA ya fito a jikin fastar, a kuma aika da ita gidajen adana fasaha na wasu ƙasashe ta hanyoyin da gidan yake da su.

Ya kamata a tsaya a kan shawarar da mutanen nan uku suka yanke, domin ita ce ainihin gwanintar. Dukkansu suna iya zane, Petlin ma sanannen mai fenti ne. Da sun so, da sun zana uwa tana kuka ko kurciya ko ƙoƙon kai sanye da hular soja, irin abubuwan da suka cika fastocin lokacin. Sai suka ajiye buroshi. Suka ɗauki hoton Haeberle yadda yake, suka ɗauko layuka biyun nan daga shafin New York Times, da irin haruffan jaridar, suka ƙara musu girma har gefen kowane harafi ya yi kaushi saboda faɗaɗawa, suka buga su da jan tawadar da ake hango hoton ta cikinta. Wanda ya kalli zane yana iya cewa ra'ayin mai zane ne, yana iya cewa farfagandar 'yan gurguzu ce. Wannan kuwa me zai ce? Rundunarsa ce ta tura mai kyamarar, gidan talabijin ɗin da yake kallo kullum ne ya yi tambayar, ɗan maƙwabcinsa ne ya ba da amsar. Kuma harafin tambaya da harafin amsa, wato Q da A na Turanci, da suka bari a farkon layukan sun mayar da takardar tamkar shafi daga kundin shari'a, a daidai lokacin da ba a fara shari'ar kowa ba.

Akwai wani abu game da launin. Jama'a sun saba ganin yaƙi cikin baƙi da fari a jarida, abin da ke nesanta shi. Nan kuwa koren shinkafar yana da kyau, hasken yana da kyau, daga nesa sai mutum ya zaci hoton yawon buɗe ido ne kafin ya matso. Matsowar ita ce tarkon.

Da aka kammala samfurin aka kai wa William S. Paley, shugaban kwamitin amintattun MoMA. A tsakiyar Disamba ya ƙi amincewa kememe, aka cire sunan gidan. Dalilin da aka bayar a hukumance shi ne gidan adana fasaha ba zai ɗauki matsayi kan abin da bai shafi aikinsa kai tsaye ba. Paley ɗin nan shi ne shugaban CBS, wato kalmomin da ya hana a buga da sunan gidan da yake jagoranta, tasharsa ce ta watsa su ga miliyoyin mutane makonni uku da suka wuce. A kwamitin kuma akwai Nelson Rockefeller, gwamnan jihar New York, wanda mahaifiyarsa tana cikin matan da suka kafa gidan a 1929. Ina ganin ba a yi wa Paley rashin adalci ba idan aka ce bambancin da ya gani shi ne labarin talabijin yana wucewa cikin mintuna, fasta kuwa tana manne a bango, kuma sunan da ke ƙasanta yana nufin mai sunan ya tsaya a kan abin da ke sama.

Waɗanda suka buga, waɗanda suka raba

Ƙungiyar ƙwadago ta masu ɗab'in launi ta New York ce ta ba da aikin bugawa kyauta, wani ɗan kasuwa mai suna Peter Brandt ya ba da takarda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna halin da ƙwadagon Amurka ke ciki. Shugabancin babbar tarayyar ƙungiyoyin ƙwadago, AFL-CIO, ƙarƙashin George Meany, yana goyon bayan yaƙin ƙarara, kuma watanni kaɗan bayan haka, a watan Mayu 1970, leburorin gine-gine suka far wa ɗalibai masu zanga-zanga da duka a titunan New York. Ɗab'in hoto mai launi kwafi 50,000 a wancan zamani aiki ne na ƙwararru: a raba hoton launi-launi, a daidaita kowane launi ya hau kan ɗan'uwansa ba tare da ya kauce ba, mutum ya tsaya gaban inji yana zaro takarda yana duba ko jan ya yi yawa ko koren ya dushe. Duk wanda ya yi wannan aikin ya kalli jaririn nan fiye da yadda kowane mai zanga-zanga zai kalle shi.

Rabon kuwa hannu da hannu aka yi. Mutum ya zo ya ɗauki nannaɗe ɗaya ya kai jami'arsu, wani ya saka a akwati zai yi tafiya, wani ya aika ta gidan waya. A wasu kwafe gamayyar ta buga hatimi mai bayyana cewa da farko MoMA ta shiga aikin, Paley ya hana, tare da tambayar ko amintattun sun yarda da kisan ne. Tambaya ce mai tsauri, wataƙila ta wuce gona da iri, domin ƙin sa hannu daban yake da yarda da kisa. Amma masu hatimin suna da hujjarsu: a lokacin da gwamnati ke cewa abin da ya faru tsautsayi ne guda ɗaya, shirun manyan cibiyoyi yana taimaka wa wannan bayani ya zauna.

A gaban Guernica

Abin da ya fi ƙona wa masu zanen rai yana rataye a cikin ginin MoMA kansa. Tun 1939 gidan ke riƙe da amanar Guernica, katafaren zanen da Pablo Picasso ya yi a 1937 bayan jiragen Jamus da Italiya sun yi ruwan bama-bamai kan garin Guernica na yankin Basque ranar 26 ga Afrilu na shekarar, don taimaka wa Janar Franco a yaƙin basasar Sifaniya. Picasso ya ce kada zanen ya je Sifaniya sai an dawo da 'yanci a can. A ɓangaren hagu na zanen akwai mace ta ɗaga kai sama tana kururuwa, gawar jaririnta a hannu. Gidan da ke alfahari da wannan zane shi ne ya ce kisan fararen hula ba hurumin fasaha ba ne.

A farkon Janairu 1970, sau biyu, 'yan gamayyar suka shiga da fastocin suka tsaya a gaban zanen suka ware su, fuskokinsu na kallon 'yan jarida. A ɗaya daga cikin zuwan suka ajiye furanni a ƙasan zanen, wani limamin coci ya jagoranci addu'a ga jariran Son My, wata mai zane ta zauna a ƙasa rungume da jaririnta mai rai. Hotunan da aka ɗauka a wurin sun yi tafiya kusan kamar fastar kanta. Daga baya a shekarar masu fasaha da marubuta 265 suka sa hannu a wasiƙa zuwa ga Picasso suna roƙon ya janye zanen daga Amurka har sai yaƙin ya ƙare. Zanen bai motsa ba. Ya ci gaba da zama a New York har 1981, bayan mutuwar Picasso da ta Franco, sannan aka kai shi Madrid.

Filin da ta sauka a kai

Fastar ta iske duniya a shirye. A 1965 aka kafa ƙungiyar Beheiren mai adawa da yaƙin a Japan, wadda har taimaka wa sojojin Amurka masu gudun yaƙi ta riƙa yi su tsere. A 1967 kotun jama'a da masanin falsafa ɗan Birtaniya Bertrand Russell ya kira, takwaransa ɗan Faransa Jean-Paul Sartre na jagorantar zamanta, ta saurari shaidu a Stockholm da Roskilde kan abin da ake yi wa fararen hula a Biyetnam, gwamnatin Amurka ta yi watsi da ita. A watan Fabrairu 1968 Olof Palme, yana ministan ilimi na Suwidin, ya yi tattaki kafaɗa da kafaɗa da wani jakadan Biyetnam ta Arewa. Ranar 17 ga Maris 1968 dubban mutane suka yi arangama da 'yan sanda a gaban ofishin jakadancin Amurka a Landan, ba su san abin da ya faru a My Lai jiya-jiya ba. A Havana, babban birnin Kuba, kuma ƙungiyar OSPAAAL ta haɗin kan al'ummomin Afirka da Asiya da Latin Amurka, wadda ta fito daga taron nahiyoyi uku na Janairu 1966, tana ninke fastoci cikin mujallarta ta Tricontinental tana aikawa ƙasashe da dama, rubutunsu cikin Sifaniyanci da Turanci da Faransanci da Larabci, Biyetnam na cikin batutuwan da suka fi maimaitawa.

Shi kansa Petlin ya zauna a Paris lokacin yaƙin Aljeriya, kuma yana cikin waɗanda suka shirya Hasumiyar Zaman Lafiya a Los Angeles a 1966, inda masu zane daga ƙasashe daban-daban suka aiko da ƙananan alluna fiye da 400 aka jera. Ya san darajar a ce hannu da yawa ne a kan abu.

Sai dai fastar My Lai ta bambanta da na Havana. Na Kuba suna nuna ɗan Biyetnam a tsaye, bindiga a hannu, mai gwagwarmaya da ake kira a mara masa baya. Ta New York daga cikin ƙasar da ke harbin ta fito, kuma 'yan ƙasar take fara tuhuma. Ga ɗalibi a Turai ko Japan da aka daɗe ana ce masa ƙiyayyar Amurka ce kawai ke damunsa, takardar da Amurkawa suka buga da hannunsu hujja ce da ba a iya ture ta da wannan zargi. Rubutun ma gajere ne ƙwarai, wanda bai iya Turanci sosai ba zai gane, wanda bai iya ko kaɗan ba hoton ya ishe shi.

Akwai abin da ke damuna a nan, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Mutanen da ke kwance a kan hanyar nan suna da sunaye da dangi, wasu daga cikin 'ya'yansu sun tsira. A fastar ba su da suna, ba su da murya. Muryoyi biyun da ake ji duka na Amurkawa ne, mai tambaya da mai amsa. An nuna tsiraicin matattu ga duniya ba tare da an nemi iznin kowa nasu ba. Haeberle ma ya faɗa shekaru da yawa bayan haka cewa ya lalata wasu hotunan da suka nuna sojoji suna cikin harbi, saboda haka hoton da ya rage ya nuna waɗanda aka kashe, ya ɓoye fuskar masu kisan. Duk da haka ina tare da waɗanda suka buga ta. Ɓoye hoton ba zai mayar wa mamatan mutuncinsu ba, rahoton nan na 'yan Viet Cong 128 kawai zai bari a matsayin tarihi. Layin Meadlo kuma shi ya cike giɓin da hotunan da aka lalata suka bari, domin ya dawo da mai harbin cikin takardar.

Abin da ya biyo baya

MoMA ba ta daɗe tana gudun fastar ba. A bazarar 1970 aka saka ta cikin wani baje koli da Kynaston McShine ya shirya a gidan, kuma yau tana cikin kayan da gidan ya mallaka. A 1972, lokacin da shugaban Amurka Richard Nixon ke neman wa'adi na biyu, aka sake buga hoton da sabon rubutu mai tambayar ko a ƙara wasu shekaru huɗu. Nixon ya ci jihohi 49 cikin 50.

Wannan sakamako ya isa ya hana mutum zuzuta abin da takarda za ta iya. Binciken Laftanar Janar William Peers, wanda aka miƙa a watan Maris 1970, ya tabbatar da kisan da rufa-rufar. An tuhumi hafsoshi 14 kan ɓoye gaskiya, ciki har da kwamandan rundunar, Manjo Janar Samuel Koster, amma Kanar Oran Henderson kaɗai aka gurfanar, kotun soja ta wanke shi. An wanke Medina. Meadlo ya riga ya bar soja, ba a yi masa shari'a ba, ya ba da shaida a kan Calley. Ranar 29 ga Maris 1971 aka sami Calley da laifin kashe mutum 22, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Wasiƙu da saƙonnin waya suka yi ta kwarara Fadar White House, akasarinsu na neman a sake shi, har da na wasu masu adawa da yaƙin da ke ganin an mayar da ƙaramin hafsa abin hadaya don manya su tsira. Nixon ya sa aka fitar da shi daga kurkukun bariki aka yi masa ɗaurin talala a gidansa, aka yi ta rage hukuncin, a 1974 ya samu 'yanci. Hugh Thompson kuwa wasiƙun barazana ya sha, wasu 'yan majalisa ma suka so a hukunta shi. Sai a 1998, shekara 30 bayan ranar, rundunar sojan ta ba shi da ɗaya abokin aikinsa na jirgin, Lawrence Colburn, lambar yabo, ta ba Andreotta tasa bayan rai, domin shi an kashe shi a fagen daga makonni uku bayan My Lai.

Sojojin yaƙin Amurka sun bar Biyetnam a watan Maris 1973 bisa yarjejeniyar Paris, fiye da shekara uku bayan fitowar fastar, kuma a cikin waɗannan shekaru aka faɗaɗa yaƙin zuwa Kambodiya da Laos, aka yi ruwan bama-bamai kan Hanoi a Disamban 1972. Calley ya fito bainar jama'a ya nemi gafara sau ɗaya, a wani taro a garin Columbus na jihar Georgia a 2009. Ya mutu a 2024 yana da shekara 80, shi kaɗai ne aka taɓa samu da laifi a kan abin da aka yi a Son My.